Tsamiyar ƙofar gida da romon mutanen Filifin

Ran da Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta fara leƙa tukunyar, sai da ta ɗauki ludayi ta ɗebo ta tsiyayar, ta sake ɗebowa ta tsiyayar, sannan ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyar nan, yaushe za ki kaɗa wagga miya?" Na ce, "Hajiya, ai ta nuna, haka ake shan ta." Ba ta ce uffan ba. Ta mayar da murfin a hankali, kamar mai rufa wa wani asiri, ta koma tabarmarta ta ɗauki carbi. Duk wanda ya zauna da tsofaffin Adar ya san irin wannan shirun, gara a zage ka ka huta.

Ban ga laifinta ba. A gidan da na tashi a Tawa, macen da ta yi miyar da ake hango gindin tukunya ta cikinta, kafin la'asar labarin ya zaga unguwa. Miya a wurinmu sai da kauri ko yauƙi, ta kama tuwo ta bi shi har maƙogwaro. Ga ni kuma na ba da jika uku da rabi na sayo kazar gida, na tsunduma ta cikin ruwan tsamiya tsululu, ina cewa wai abincin Filifin nake yi.

Yayata ce ta jawo duk wannan. Ta yi shekara shida a Jidda tana aiki a gidan wasu Larabawa, ɗaki ɗaya suke kwana da wata ƴar Filifin mai jinyar tsohuwar gidan. Babu mai jin yaren wata, sai guntun Larabcin madafa da nuni da hannu. Matar tana kiran Yaya "Ate", ashe a yarensu na Tagalog ma'anarsa yaya mace ke nan, ta yi daidai ba ta sani ba. Duk ran da ɗayarsu ta tashi da mura, ko kewar ƴaƴa ta hana ta barci, sai matar ta ɗora wannan romon. Yaya ta ce kurɓar farko da ta yi sai da idonta ya cika da hawaye, don ji ta yi kamar an haɗa farfesu da kunun tsamiyar buɗa-baki a kwano ɗaya.

Da ta dawo Yamai, cikin tsarabarta akwai wasu ƴan fakiti na Knorr, garin miyar ne a ciki, an rubuta sinigang a jiki. Sau uku ta dafa mana a gidanta, fakitin suka ƙare, muka yi ta cewa sai wani ya je Umra mu ba shi saƙo. Wata rana ina share mata madafa na tsinci ledar da ta yar, na tsaya ina kallon hoton da ke jiki. Kwanson tsamiya ne, ɓaro-ɓaro. Ita kuwa tsamiya ga ta nan a ƙofar gidan maƙwabcinmu a Bukoki, shekara da shekaru masu shayi suna zama a inuwarta, awaki suna tsintar abin da ya faɗo. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Daga baya na bi diddigi. Sinigang suna ne na dangin miya guda, kowace irin romo ce mai tsami, a Filifin kuwa, ƙasar da tsibiranta suka haura 7,000, kowane yanki da abin da yake tsamantar da tasa. Wasu gwaiba, wasu ɗanyen mangwaro, wasu ɗan ƙaramin lemunsu da suke kira kalamansi, amma tsamiya ce uwa, sampalok suke ce mata. Ana yi da kifi, da jatan lande, da naman shanu, wadda ta fi suna kuma ta alade ce, shi ya sa duk mai sayen garin fakiti ya kamata ya karanta bayan leda tukuna. Ta kaza tana da nata sunan daban, sinampalukang manok, wato kazar da aka sa wa tsamiya. Abu biyu suka raba ta da sauran: ana fara soya kazar sama-sama da citta kafin a tsaida ruwa, kuma ana zuba tohon ganyen tsamiya a ciki.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne itacen asalinsa namu ne. Masana tsirrai sun ce daga Afirka tsamiya ta fito, ta ƙetara Indiya tun zamanin da, Larabawa suka same ta can suka raɗa mata tamar hindi, dabinon Indiya, daga nan Faransawa suka samo tamarin ɗin da muke ji a bakin masu sayar da lemun roba. Ta yi wannan doguwar tafiya har Manila, ta shiga tukunyar kaza, sannan ta biyo akwatin Yaya ta dawo gida a matsayin baƙuwa.

Gwajina na farko ɓarna ce, babu wani suna da zan ba shi. Lokacin sanyi ne, na je kasuwar Wadata na sayo busasshiyar tsamiya curi guda, irin wadda muke jiƙawa ta kunu, na jiƙa da yawa don in nuna ƙwarewa. Romon ya fito jajawur kamar ruwan gulbi a watan Agusta, ga wani zaƙi-zaƙi da bai da wurin zama a jikin kaza. Dalilin kuwa shi ne tsamin tsamiya, wani sinadari ne da ake kira tartarik, irin wanda ke cikin inabi, kuma ba ya gushewa in ta nuna, sukari ne kawai yake ƙaruwa a kansa. Su can ɗanya suke so, koriya shar a ciki, tun ba ta yi zaƙi ba. Na ƙara da wani kuskuren: a tukunyar dalma na dafa, irin wadda maƙeran kasuwar Katako ke zubawa, na kuma bar ragowar ta kwana a ciki. Da safe romon ƙarfe-ƙarfe yake a baki, cikin tukunyar ya yi fari tas daidai inda ruwan ya tsaya, kamar an goge da toka. Tukunyar ba ta yi laifi ba, shekara goma tana dafa mini tuwo lafiya. Tsami ne ba ya shiri da dalma. Maigida ya ci shinkafarsa da mai da yaji a daren, ya ce wai cikinsa ne ba ya jin daɗi. Allah ya saka masa da alheri, bai iya ƙarya ba.

Na bar maganar har ruwan farko ya sauka. Wata safiya na fito kai yara makaranta sai na ga itacen ya yi sabon toho, ganyen ƙanana, launinsu tsakanin ja-ja da kore mai haske, in ka murza a yatsa sai su narke. Na tsinki ɗaya na tauna, tsami mai sanyi, babu ɗaci. Na aika wa Yaya hoto, ita kuma ta kira ƙawar tata ta WhatsApp, wadda tuni ta koma garinsu a tsibirin Luzon. Matar ta yi ta ihu tana tafi, ta ce shi ne, shi ne. A wannan kiran na koyi yawancin abin da nake yi yanzu, rabi da Larabcin Yaya, rabi da matar tana ɗaga kayan miya ɗaya bayan ɗaya tana nuna wa waya.

Ga yadda nake yi. Kazar gida nake saye, a yanka a fige mini a kasuwa. Ta firiza tana nuna da wuri, amma romonta salam yake, wannan kuwa miya ce da romon shi ne komai nata. Ina yanka ta ƙanana da ƙashinta, wuya da ƙafafu duk su shiga. A tukunyar ƙasa nake dafawa, ta Bubon, ƙauyen masu ginin tukwane da ke kusa da Yamai, wadda na saya musamman bayan abin da ya faru. Su ma can tukunyar ƙasa ce ta gargajiya, palayok suke kiran ta. Man gyaɗa cokali biyu kacal, hannuna har rawa yake don ya saba da ludayi. In ya yi zafi sai ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, a yanka siri-siri, da tafarnuwa ƙwaya huɗu, da albasa manya biyu. A nan dai ba na jin akwai wanda ya fi mu a duniya: albasar Galmi ce, mai ruwan shuni, ta ƙasarmu ta Tawa, wadda manyan motoci ke kwasa zuwa Abijan da Akara. In ta yi laushi sai in zuba kazar in yi ta juyawa har jan naman ya ɓace, ba sai ta soyu ba.

Sai tumatir uku, a raba kowane gida huɗu a jefa. Ba a markaɗawa, ba a jajjagawa, babu tumatirin gwangwani, babu tattasai. Wannan wurin ne ya fi yi mini wuya, don turmi yana gefe yana kallona.

Ruwan da ake tsaidawa ma da nasa zancen. Ruwan wankin shinkafa ne, wanda mu muke watsarwa a tsakar gida. Na farko dai zubarwa nake, saboda ƙurar buhu, na biyun nake tarawa, kamar lita biyu, fari-fari haka. Yana ba romon ɗan jiki kaɗan, yadda ba zai zama kamar ruwan famfo ba. In ya tafasa a kwashe kumfar, a rage wuta, a ba kazar lokacinta. Tawa takan ci awa ɗaya, in tsohon zakara ne aka yi mini wayo da shi har da rabi.

Gishirinsu patis ne, ruwan kifi da aka jera da gishiri aka bar shi watanni har ya tsumu ya tsatso. Buɗe kwalbar kaɗai ya isa ya kori mutum daga ɗaki. Ɗiyata ta toshe hanci tana cewa wane irin mutane ne ke cin wannan, na ce mata irin mutanen da ke cin daddawar batso. Mu da muke tsuma ƴaƴan yakuwa har ƙuda su yi biki a kai ba mu da bakin yi wa kowa dariya. Na Filifin ɗin ban same shi a Yamai ba, amma manyan kantuna suna da irin na Biyetnam, wanda masu yin nem, ɗan soyayyen naɗin nan mai nama a ciki, ke saye, kuma kusan abu ɗaya ne. Cokali biyu a kan kazar tun tana soyuwa, warin ya tashi ya tafi, daɗin ya zauna. Ran da babu, busasshen kifi ɗaya nake wankewa in jefa a romon in tsame daga baya. Dunƙulen magi ban hana kowa ba, ni dai a wannan miyar na daina sawa.

Kayan lambun ne suka nuna mini kusancinmu da mutanen nan. Dogon waken da suke kira sitaw, wanda kwansonsa ke kai kamu guda ko fiye, jinsi ɗaya ne da waken da muke nomawa tsakanin gero, don haka ɗanyen kwanson wake mai taushi nake sawa, ko ariko, koren waken nan na ƴan lambu. Ganyen kangkong da ke fitowa a bakin ruwa ɗan'uwan dankalin Hausa ne, kuma su ma suna cin ganyen dankali, sai na roƙi wani mai lambu a bakin gulbi ya riƙa tsinko mini kan ganyen, dala ashirin ya cika mini leda yana mamakin ko zomo nake kiwo. Gabi gwaza ce. Kuɓewa kuɓewa ce. Obarjin dogo mai ruwan shuni akwai shi. Farin radi, saiwar nan mai kama da farin karas, shi ne kawai ya gagara, nabe, wata saiwa ƴar'uwarsa, nake sawa madadinsa lokacin sanyi, in babu in haƙura.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne lokacin zuba tsamin. Mu tarbiyyar kanwa gare mu. Muna jefa ta a wake ya yi saurin nuna, a kuɓewa ta yi kore ta yi yauƙi, a yakuwa ta kashe tsami. To tsamiya kishiyar kanwa ce, duk abin da waccan ke yi wannan warware shi take. In ka zuba ta da wuri, gwaza za ta ƙi nuna, ta yi ta gardama a tukunya, gwazar da ba ta nuna ba kuwa kowa ya san ƙaiƙayinta a maƙoshi. Ganye in ya daɗe a ruwan tsami koren nan yana dusashewa ya koma kalar kakin soja. Saboda haka gwaza takan shiga tun kazar ta yi rabin nuna, tsamiya kuwa sai dukansu sun yi laushi. Kuɓewa guda-guda ake jefa ta, a datse kan kawai kada a huda cikin, tsamin kuma yana tsinke ɗan yauƙin da ya rage. Ran farko da na ga kuɓewa tana iyo a miya babu yauƙi, ji na yi kamar na ci amanarta.

In lokacin toho ne, ina cika kwanon sha biyu da ganyen, a tsige daga jijiyar, a ɗauraye, a ɗan murza da gishiri a tafin hannu a zuba. Shi kaɗai tsaminsa ba ya isa, don haka nakan ƙara ruwan busasshiyar tsamiya kaɗan, in zaɓi mai haske wadda ba ta tsufa ba. In kuma kaka ce, itacen ƙofar gidan maƙwabcinmu ya yi ɗanyun ƴaƴa, to nan ne miyar take cika miya. Kwanso goma sha biyar nake wankewa in tafasa daban a ɗan ruwa, minti goma sha biyar zuwa ashirin, har bayan ya tsattsage cikin ya yi luguf. A dame da bayan cokali, a tace da rariya, a matse tas. Ruwan yakan fito kore-kore mai duhu, tsaminsa yana kashe haƙori. Kada a juye gaba ɗaya. A zuba rabi, a ɗanɗana, a ƙara, har sai kurɓa ɗaya ta sa ka runtse ido kaɗan amma hannunka ya koma neman ta biyu. Ƙawar Yaya da fuska ta kwatanta mana ma'aunin, ta tsuke baki ta ɗaga kafaɗa, kuma har yau ban sami wanda ya fi shi ba.

Daga nan sauri ake: nabe, wake, obarjin, kuɓewa, tsakanin kowanne minti biyu ko uku. Dogon ɗanyen barkono biyu a jefa su ba a fasa ba, ƙamshinsu ake so. Ganyen dankali a ƙarshe, a danna shi cikin romon, a sauke, a rufe minti uku.

Farar shinkafa ake ci da ita, babu mai babu gishiri. Shinkafa a faranti, romo a kwano, kana ɗiba kana jiƙawa kana kurɓa. A gefe sukan ajiye ɗan ƙaramin kwano na patis a farfasa barkonon nan a ciki, kowa ya dangwala namansa. A gidana kwalbar yaji ce ke zama a wurin, ban kuma nemi iznin kowa ba.

Mu koma kan Hajiya. A ranar da ta rufe tukunyar nan, fura ta sha ta kwanta. Washegari ta tambayi ɗanta, ba ni ba, ko mutanen nan Musulmi ne. Na amsa daga madafa na ce yawancinsu Kirista ne, amma kudancin ƙasar, wajen Mindanawo da Sulu, akwai Musulmi, kuma Musulunci ya riga Turawan Sifen isa can, su da jiragensu suka fara sauka a 1521. Ta ce, "To." Na ɗauka an wuce wurin.

Bayan damina, da iskar sanyi ta fara kaɗawa, mura ta kama ta, kwana uku komai aka kai mata sai ta ce ɗaci. Ranar na dafa da ɗanyar tsamiya, kuma na yi wata dabara da ƙawar Yaya ta ce su ma suna yi: na tsame gwaza uku da suka yi luguf na murƙushe su na mayar, romon ya yi ɗan kauri, ya yi fari-fari. Ban kai mata a kwano ba, a kofin shayi na zuba, na ce, "Hajiya, ku ɗan kurɓa ko bakinku ya washe." Ta kurɓa, ta runtse ido, ta tsuke baki, kafaɗarta ta ɗaga, sak yadda matar Luzon ta yi a waya. Sai ta miƙo kofin ta ce, "Ƙaro, ki sa mini hiffike."

Har yau ba ta yarda miya ce ba, ruwan kaza take ce mata, kuma ta gargaɗe ni kada in kuskura in kai wa baƙi daga Tawa, kada a ce ɗanta ya talauce. Amma ita ce ta zauna da faifai a cinya tana ɓare mini tafarnuwa a dafawar da ta biyo baya, tana ba ni labarin yadda suna ƴan mata suke tsinkar tohon tsamiya su tauna in sun kai awaki kiwo, har haƙoransu su kasa tauna tuwon dare.

Ƴaƴan itacen sun fara yin ƙasa-ƙasa yanzu, nan da ƴan makonni za su bushe su yi zaƙi. Jiya na ba wani yaro dala arba'in ya hau ya kaɗo mini bokiti guda, bayan na aika wa matar maƙwabcin da kwano ɗaya na romon don a fita haƙƙi. Na tafasa, na tace, na ɗura a robobi bakwai na jera a firiza, in wuta ta yi mana adalci za su kai mu azumi. Hajiya ta ƙirga su da kanta, ta ce biyu nata ne.